Kafin A Naɗa Wa Gajimare Madugu, A Shirya Wa Ranar Da Zai Yi Shiru

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani aiki da na ga manyan makarantunmu da wasu ma'aikatu da kamfanoni sun fara sha'awarsa, wato gina nasu gajimaren kwamfuta a cikin gida, tare da damƙa ragamar hanyoyin sadarwarsa ga manhaja guda a tsarin da aka sani da SDN, wato juya hanyoyin sadarwa da manhaja. Na shafe shekaru ina jan waya da saita na'urorin sadarwa, kuma na kafa irin wannan manhaja fiye da sau ɗaya, har ta taɓa hana ni cin abincin rana da na dare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk taron da na zauna ana tattauna wannan aiki, tambayar da ake yi ita ce wace manhaja za a saka kuma nawa za ta ci, ba kasafai nake jin wanda ya tambayi halin da za a shiga ranar da ta daina amsawa ba.

Domin mai karatun da ba sana'arsa ba ce, bari in fara da yadda abin yake. A tsarin da muka gada, kowane suwic da kowace rauta, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci su miƙa saƙo a tsakaninsu, tana da nata tunanin, ita ke yanke shawarar inda ƙunshin saƙo zai bi, kuma ita ke tura shi. Idan ana son sauya wata doka, sai injiniya ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya yana rubuta musu umarni. Wannan yana yiwuwa muddin kwamfutoci na zaune wuri guda. A gajimare kuwa, babbar kwamfuta ɗaya, wadda muke kira saba, tana ɗauke da gomman ƙananan kwamfutoci da ba su da jiki sai manhaja, ana ƙirƙirar sabuwa cikin mintuna, ana kashe wata, ana ɗauke wata daga wannan saba zuwa waccan tana tsakar aiki. Babu ma'aikacin da zai iya bin wannan kai-komo da waya a hannu. Shi ya sa suwic ɗin ma ya koma manhaja a cikin kowace saba, wanda aka fi sani kuwa shi ne Open vSwitch, da ya shiga cikin zuciyar Linux, babbar manhajar da sabobi ke gudana a kanta, a shekarar 2012. Sai aka raba aiki gida biyu: suwic ya riƙe tura kaya kawai, shawara kuma ta koma wuri ɗaya. Wannan mai shawarar shi abokan aikina ke kira kwantirola, ni kuwa a wannan wasiƙa zan kira shi madugu, domin aikinsa bai bambanta da na uban tafiyar fatake ba: shi ya san hanya, shi ke cewa a bi nan, a yi zango can, jakuna da masu kora su kuwa nasu ɗaukar kaya ne.

Tunanin ya taso ne daga Jami'ar Stanford ta Amurka, a aikin Martin Casado tare da Nick McKeown da Scott Shenker, kuma yaren da madugu ke magana da suwic da shi, wato OpenFlow, an gabatar da shi a 2008. Abin da ya sa duniya ta waiwayo shi ne bayanin da Google ya fitar a 2013 kan hanyar da ta haɗa cibiyoyin bayanansa, mai suna B4, inda ya nuna cewa da shawara daga wuri ɗaya yana iya cika wasu layukansa kusan ɗari bisa ɗari, alhali al'ada ita ce a bar irin waɗannan layuka a kashi 30 zuwa 40. Amfanin tsarin gaskiya ne, kuma ba ina kushe shi ba ne. Sai dai Google yana da rundunar injiniyoyi masu kwana a kan aikin, mu kuwa sau da yawa mutum biyu ne ke riƙe da ɗakin saba, ɗayansu ma ɗan hidimar ƙasa ne da zai tafi kafin shekara ta zagayo.

Saka madugun kansa ba shi ne wahala ba. Wanda ya iya Linux zai iya ɗora ɗaya daga cikin manhajojin madugu, OpenDaylight ko ONOS ko OVN, a yini guda, ya nuna wa suwic adireshinsa, ya ga sun gaisa ta ƙofar sadarwa mai lamba da aka ware musu. Wahalar tana ƙarƙashinsa, a wayoyi da suwic na ƙarfe da komai ke tafiya a kansu. Madugu ba ya gyara wayar da ɓera ya ci, kuma ba ya sanin cewa an haɗa saba biyu da adireshi ɗaya. Kafin a taɓa shi, dole ne kowace saba ta iya kaiwa ga kowace saba ba tare da taimakonsa ba, agogonsu duka ya zama ɗaya, kuma a ware hanyar da ma'aikata ke bi su shiga sabobin daga hanyar da kayan masu amfani ke bi.

Akwai wani tarko a nan da ya cancanci a tsaya a kansa, domin na ga ya cinye wa ƙwararrun mutane kwanaki. Don a raba masu haya a gajimare ɗaya, yadda sashen kuɗi ba zai ga kayan sashen jarrabawa ba, a da ana amfani da VLAN, wanda bai wuce rabo 4,094 ba. Yanzu ana saka kowane ƙunshi a cikin wani ambulan kafin ya bar sabarsa, a buɗe shi a sabar da za ta karɓa, ta hanyar VXLAN ko Geneve, kuma VXLAN kaɗai yana ba da rabo fiye da miliyan 16. To, ambulan ma yana da nauyinsa. Waya a yadda ta zo tana ɗaukar ƙunshin da bai wuce bayit 1,500 ba, VXLAN yana cin bayit 50, Geneve a yadda OVN ke amfani da shi yana cin 58. Idan ba a rage girman ƙunshin cikin gida zuwa 1,450 ko 1,442 ba, ko kuma a faɗaɗa na suwic ɗin ƙarfe zuwa 9,000, sai a sami cuta mai rikitarwa: gwajin fin, wato ɗan ƙaramin saƙon da ake aikawa a ga ko kwamfuta za ta amsa, yana wucewa lafiya, ƙaramin shafi yana buɗewa, amma da zarar ɗalibi ya zo ɗora hotonsa ko takardar shaidarsa sai komai ya tsaya cik, babu saƙon kuskure ko ɗaya. Daga nan sai a fara zargin kamfanin da ke ba da intanet, a kira su a yi ta musu, alhali laifin yana cikin lamba ɗaya da ba a rubuta ba.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. A wata cibiya da na yi wa aiki, wadda ba zan ambaci sunanta ba, mun gina gajimare da OpenStack, manhajar kyauta ta gina gajimare, kuma don tsimin kuɗi aka ce kada a ware wa madugu saba tasa, a sa shi a matsayin ɗaya daga cikin kwamfutocin manhaja da ke zaune a cikin gajimaren. Ni ma ban ja da ƙarfi ba, domin a takarda abin ya yi kyau, har muna yaba wa kanmu da dabara. Watanni aka yi babu matsala. Sai wani ƙarshen mako man janareta ya ƙare da dare, batura suka riƙe iya ƙarfinsu suka saki, ɗakin duka ya mutu. Da wuta ta dawo sabobin suka tashi, amma madugu bai tashi ba, domin faifansa yana ajiye a ma'adanar da sai ta hanyar sadarwa ake kai mata, hanyar kuwa ba za ta samu ba sai madugu ya ba suwic umarni. Mun kulle ɗaki, makullin yana ciki. Tun hantsi muke bin sabobin da allo da madannai muna rubuta dokoki da hannu, ba mu ga komai ya daidaita ba sai bayan sallar isha'i, kuma duk tsawon yinin waya ba ta daina ƙara ba.

Kada wani ya ɗauka wannan kuskure ne na ƙananan wurare kawai. Masu karatu za su tuna ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Bayanin da kamfanin ya bayar shi ne wani umarni a lokacin gyara ya yanke babbar hanyar da ta haɗa cibiyoyinsa, kuma kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyaran da su sun tafi tare da hanyar, sai da aka tura mutane da ƙafarsu zuwa inda na'urorin suke. Ba irin madugun da nake magana a kai ne ya faɗi a can ba, amma ciwon iri ɗaya ne: abin gyara ya dogara da abin da ya lalace. Don haka sharaɗina na farko ga duk mai wannan aiki shi ne madugu ya zauna a kan saba wadda za ta iya tashi ita kaɗai, faifansa a jikinta, kuma a kai gare shi ta suwic na daban wanda ba ya karɓar umarni daga gare shi. Tsohon suwic mai arha ya isa wannan aiki.

Sharaɗi na biyu shi ne kada madugu ya zama ɗaya, kuma kada ya zama biyu. Wannan yana ba shugabannin ma'aikatu mamaki, domin a tunanin kowa biyu ya fi ɗaya, idan wannan ya faɗi wancan ya ɗauka. Amma waɗannan manhajoji suna yanke hukunci ne da rinjaye, yawancinsu bisa tsarin Raft da Diego Ongaro da John Ousterhout suka wallafa a 2014, kuma rinjaye na nufin fiye da rabi. Idan su biyu ne waya ta yanke tsakaninsu, babu wanda ya san ko ɗan'uwansa ne ya mutu ko shi ne aka yanke, don haka dukansu sai su ƙi rubuta komai, wanda ya fi a ce kowanne ya naɗa kansa sarki ya riƙa ba da umarnin da ya saɓa wa na ɗayan. Uku suna jure rashin ɗaya, biyar suna jure rashin biyu, huɗu kuwa ba su fi uku da komai ba sai cin wuta. Sa'an nan ukun nan idan suna cikin akwati ɗaya, a kan soket ɗaya da inbata ɗaya, to ɗaya ne aka kira shi da suna uku. Mu da muka ga yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoban 2024 bai kamata mu kwafi zanen da aka yi don ƙasar da ba a ɗauke wuta ba, ba tare da mun raba musu batura ba. Haka kuma kada a yi zarin nesanta su, a ce ɗaya a Kano, ɗaya a Abuja, ɗaya a Legas a kan layin da ke tangal-tangal, domin jinkirin hanya zai sa su yi ta sake zaɓen shugaba, aiki kuma ya tsaya a duk lokacin zaɓen.

Akwai kuma tambayar abin da suwic zai yi idan ya kira madugu bai amsa ba. Open vSwitch yana da hali biyu a nan. A ɗaya yakan riƙe dokokin da aka riga aka ba shi ya ci gaba da su, ba ya ƙara komai daga kansa. A ɗayan kuwa yakan koma suwic na gama-gari mai tura kaya ga duk wanda ya gani, kuma wannan shi ne halinsa idan ba a gaya masa komai ba. A gajimaren da ke da masu haya da yawa, hali na biyu yana nufin katangar da ta raba su tana iya rushewa daidai lokacin da babu mai kallo. OVN da OpenStack suna saita suwic ɗinsu na cikin saba a hali na farko, amma wanda ya haɗa nasa da hannu yana bin wani bayani da ya samo a intanet, ya duba da idonsa. Haka nan a fifita tsarin da ake shimfiɗa dokoki tun kafin kaya su iso, a kan tsarin da kowane sabon saƙo sai an je an tambayi madugu, domin na biyun yana da daɗin koyarwa a aji amma yana mayar da madugu maƙogwaron da komai ke bi.

Wannan ne ma ya sa, ga mai gina gajimare da OpenStack a yau, nake ba da shawarar OVN, wanda masu Open vSwitch suka fara a 2015. A tsarinsa, abin da mai gudanarwa yake so ana rubuta shi a rumbun bayanai na farko, wata manhaja ta fassara shi zuwa rumbu na biyu, sa'an nan a kowace saba akwai ƙaramin wakili da ke karanta rumbun ya saita suwic ɗin gidansa. Idan tsakiya ta faɗi, kwamfutocin da ke aiki suna ci gaba da magana da juna, abin da zai gagara shi ne ƙirƙirar sabuwa ko sauya doka. OpenDaylight, wanda Gidauniyar Linux ta ƙaddamar a 2013, da ONOS da ya fito a ƙarshen 2014 don kamfanonin sadarwa, suna da nasu gurbin, amma manyan manhajoji ne na Java masu son ƙwaƙwalwa da mai kula na dindindin. Kuma gaskiyar da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba ita ce, burin farko na a ga OpenFlow yana juya kowane suwic na ƙarfe bai cika yadda aka zata ba, inda ya yi kaka-gida shi ne cikin saba.

Batun tsaro gajere ne amma ba ƙarami ba. Wanda ya shiga suwic ɗaya a da, ɗaki ɗaya ya shiga, wanda ya shiga madugu kuwa ya karɓi makullan gidan duka, yana iya karkatar da saƙon kowa ya bi ta wurinsa ba tare da an ji motsi ba. Wasu daga cikin manhajojin nan suna zuwa da suna da kalmar sirri da ke rubuce a littafin bayaninsu wanda kowa ke iya karantawa, kuma na sha tarar da su yadda suka zo, ƙofarsu ta 8181 tana kallon intanet. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sauya kalmar sirri ranar farko, a rufa maganar madugu da suwic da TLS, tsarin ɓoye saƙo, a rubuta ranar da takardun shaidarsa za su ƙare a inda kowa zai gani, kuma a toshe ƙofofin 6640 zuwa 6644 da 6653 daga kowa sai sabobin da abin ya shafa. Tun da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a watan Yunin 2023, cibiyar da ke riƙe da bayanan ɗalibai ko marasa lafiya tana da alhakin da doka za ta tambaye ta.

Na san wasu za su ce a huta da duk wannan, a sayi na kamfani wanda ke zuwa da mai gyara. Wannan zaɓi ne mai hujja, kuma NSX, madugun da kamfanin VMware ke sayarwa, wanda ya samo asali daga kamfanin Nicira da VMware ya saya a 2012 kan dala biliyan 1.26, kaya ne mai inganci. Sai dai bayan kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware a watan Nuwamban 2023, an daina sayar da lasisin dindindin, aka koma biyan haya lokaci zuwa lokaci, kuma da dala ake lissafinsa, a daidai shekarar da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Cibiyar da kasafinta ke zuwa da naira, kuma ba kullum a kan lokaci ba, ta yi wannan lissafin na shekara biyar kafin ta sa hannu. Manhajar kyauta ita ma ba kyauta ba ce, kuɗin da ba a ba kamfani ba sai an kashe shi a albashin wanda ya iya ta da horar da na biyunsa, in ba haka ba ranar da ya sami aiki a wani wuri zai tafi da gajimaren a cikin kansa.

Ga malaman sassan kwamfuta na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, kayan koyon wannan fanni ba su da tsada ko kaɗan. Mininet, wanda shi ma daga Stanford ya fito a 2010, yana ƙirƙirar gomman suwic da kwamfutoci a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka guda, ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi. Abin da nake roƙo shi ne kada aikin ɗalibi ya tsaya a hoton allo mai nuna madugu ya ga suwic. A sa shi ya kashe madugun a gaban malami ya bayyana abin da ya ci gaba da aiki da abin da ya tsaya, a ɓata masa girman ƙunshi a ɓoye a ba shi awa ɗaya ya gano.

Ga kwamitocin ba da kwangila kuma, ina ba da shawarar a rubuta gwaji biyu a cikin yarjejeniya, kuma kada a biya kason ƙarshe sai an yi su a gaban ma'aikatan cibiyar. Na farko, a zare wayar wutar madugu ɗaya cikin ukun ana tsakar aiki, a ƙirƙiri sabuwar kwamfuta a ga ta sami adireshi ta fita intanet. Na biyu, a kashe ɗakin gaba ɗaya har da ma'adana, a kunna, a duba agogo a ga tsawon lokacin da komai zai ɗauka ya dawo ba tare da ɗan kwangila ya taɓa madannai ba. Jerin abin da za a fara kunnawa da abin da zai biyo baya a buga shi a takarda a manna a bayan ƙofar ɗakin, domin a waccan cibiyar da na ambata, namu jerin yana ajiye ne a wata kwamfuta da ke cikin gajimaren da ya ƙi tashi.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani injiniyan sadarwar kwamfuta,
Zariya, Jihar Kaduna.